Babi na 6: Ciwon Gwiwa na Manya

Darasi na 1: Abin da ke cikin gwiwa

Ku tuna ƙashin cinyar kaza. A kansa akwai wani farin abu mai santsi da yara ke son taunawa. Sunansa guringuntsi. Mu faɗa tare: gu-rin-gun-tsi. Ku rubuta shi sau 3.

Mu ma muna da shi a gwiwa da ƙugu da yatsu. Shi ke hana ƙashi gogar ƙashi, kuma akwai wani ruwa mai yauƙi da ke jiƙa shi, kamar mai a keken ɗinki. Shekaru, da ƙiba, da tsohuwar karaya, da yawan tsuguno da ɗaukar kaya, su ke cinye shi a hankali. Jijiyar jini ba ta shiga cikinsa, shi ya sa in ya cinye ba ya tohowa yadda fata take yi. Sai ƙashin ya yi 'yan tsiro a gefe, gwiwa ta kumbura, ta riƙa ƙara in za a tashi daga sujada. A nan mukan ce sanyin ƙashi. Ba jifa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da shi, kuma mata sun fi yawa.

Darasi na 2: Motsa ƙafa

Ƙarfin cinya shi ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Inna, zauna a kujera mai ɗan tsawo, ba 'yar tsuguno ba. Miƙe ƙafa ɗaya sosai. Riƙe ta a sama, ki ƙirga ɗaya zuwa goma. Sannan ki sauke ta a hankali.

A hankali na ce. Nan kowa yake kuskure. Kada a saki ƙafa ta faɗo tim a ƙasa. Yadda kike sauke tulu cike da ruwa, haka za ki sauke ta. Sake yi: miƙe, riƙe, ƙirga goma, sauke a hankali. Madalla, kin iya. In ta yi rawa ba komai, tsoka ce ke aiki. Yi sau 10, ki koma ɗaya ƙafar, safe da yamma.

Baba, kai ma. Miƙe, riƙe, sauke a hankali.

A ajinmu na ƙasar Ringim na nuna wannan har muryata ta dushe, mako ya zagayo na tarar ana wurgi da ƙafa, ana ƙirga uku a ce goma. Haba jama'a! Wasu ma sun kwanta, wai suna hutar da gwiwa. Kwanciya ƙara sandarar da ita take yi. Ku ƙirga goman nan cif, ku sauke a hankali.

Darasi na 3: Magani

Ku daina shan haɗin ƙwayoyi da ake ƙullowa a leda. Yawan shan maganin rage ciwo irin su ibuprofen ko diclofenac yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Ku bar tsaga. Ku je asibiti, in abin ya yi tsanani a tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Mai ƙiba ya rage. Riƙe sanda ba abin kunya ba ne, a riƙe ta a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya.

Darasi na 4: Bincike

Har yau babu ƙwayar da ke mayar da guringuntsi. Masana na gwada allurai don su sa shi ya toho. In gwiwa ta lalace ƙwarai, likitoci kan sa ta ƙarfe da roba.

Aikin gida: ku rubuta gwiwa, cinya, sanda.