Yadda za ka gwada fuluyid hed kafin ka ɗora masa kyamarar sinima

Duk wanda ya taɓa bin fuskar ɗan wasa da dogon lens ya san ba kyamarar ce ke motsi ba, kan tirayifod ɗin ne, wato fuluyid hed, na'urar da ke tsakanin kyamara da ƙafafun da ke ɗauke da ita, kuma in kan nan ya ɗan fizga a farko ko ya ja da baya a ƙarshe to hoton ya tashi aiki komai kyan hasken da aka tsara. Shi ya sa abin ke damuna in na ga mutum yana zaɓen hed da lambar kilo da aka buga a kwali kawai. Lambar nan ba ƙarya ba ce, amma rabin magana ce, sauran rabin sai hannunka ya taɓa.

Asalin abin ma daga wannan matsalar ya fito. Robert Miller ɗan Ostareliya ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1946, shi kuma Chadwell O'Connor a Amurka injiniya ne mai son ɗaukar jiragen ƙasa masu tururi, hoton na ta fizga masa, sai ya haɗa kai mai ruwan silikon a ciki wanda ke riƙe motsi ya tafi sumul, har Walt Disney ya gani ya sa aka yi masa guda 10. To gwajin bai canza ba har yau, abu mai motsi za ka bi ka ga ko kan zai bi ka.

Da farko ka haɗa kyamarar kaf yadda za ta fita aiki. Ba gangar jikin kaɗai ba, har lens mafi nauyi da kake amfani da shi, batir, monita, matbos (akwatin da ke tare haske a gaban lens), rodi (sandunan da ake ɗaura kayan lens a kai) da na'urar fokas, komai da komai, sannan ka ɗora a sikeli. Bayan nauyi ka lura da tsayin kayan, wato ina tsakiyar nauyin yake daga saman farantin da ake ɗaura kyamara a kai, domin a nan mutane ke faɗawa rami. Kamfanoni na rubuta kilo ne a wani tsayi da suka ayyana, misali hed ɗin OConnor 2575D yana ɗaukar kusan kilo 40, amma in ka ɗora monita da batir can sama tsakiyar ta ƙara hawa to abin da zai iya riƙewa ya ragu. Saboda haka hed biyu masu lamba ɗaya a takarda na iya bambanta sosai in ba a tsayi ɗaya aka auna su ba. Ka duba mafi ƙarancin nauyin ma, wani kan in kyamara ta yi masa shafal sifirin ɗin da ke cikinsa mai tallafar nauyi zai riƙa turo ta sama.

Sai gindi, wannan ba ya cin lokaci. Kwano, wato mazaunin hed a saman ƙafafu, akwai na milimita 75, 100 da 150, sai gindin Mitchell mai faɗi wanda ake ɗaurewa a doli (keken da ake tura kyamara a kai) da manyan ƙafafu. Ka tabbata duk kawunan da za ka gwada a ƙafa mai ƙarfi iri ɗaya suke, in ba haka ba za ka ɗora wa hed laifin ƙafar da ke murɗewa.

Yanzu ka saita kumfar lebur ta zauna tsakiya, ka mayar da dirag (taurin da ke riƙe motsi) da kawuntabalas (ƙarfin sifirin da ke tallafar nauyin kyamara) sifili, hannunka na kan kyamara fa kar ka saki, ka buɗe makullin til, wato motsin sama da ƙasa, a hankali. In ta rinjaya gaba ka zame faranti baya, in baya ka turo shi gaba, har ta tsaya da kanta. Ka lura da tsawon zamiyar farantin kowane kai, domin ranar da ka sa lens na zum mai nauyi a gaba shi zai cece ka.

Daga nan ne ainihin gwajin, kuma ni a nan nake yanke hukunci. Ka riƙa ƙara kawuntabalas kana sunkuyar da kyamara ƙasa, ka ɗaga ta sama, ka saki hannu a kowane wuri, ya kamata ta tsaya cak inda ka bar ta ba tare da dirag ya taimaka ba. In ta ci gaba da faɗuwa sifirin ya yi kaɗan, in ta dawo tsakiya ya yi yawa. A nan za ka ga bambancin kamfanonin. Sachtler na Jamus, wanda aka kafa a 1958, mataki mataki yake aiki, kana murɗawa yana ƙas ƙas, amfaninsa kuwa sauri, ka haddace lambar kowane lens ka koma mata cikin daƙiƙa, amma wani lokaci nauyinka zai faɗa tsakanin mataki biyu, ɗaya ya yi kaɗan ɗaya ya yi yawa, sai dai ka rufe gibin da dirag. OConnor da Vinten da Cartoni na Italiya kuwa nasu murɗawa ce mara mataki, za ka dace da nauyin daidai wa daida, sai dai yana cin ɗan lokaci. Kar ka tsaya a ɗan sunkuyo kaɗan, ka kai shi can ƙarshe, yawancin kawuna masu rauni a tsakiya lafiya lau suke, sai an kusa kallon ƙasa sosai asirinsu ke tonuwa.

Bayan balas ya zauna sai dirag. Sa lens mafi tsawo, danna rikodin, kar ka yarda da ƙaramin monita. Nemi wani abu mai layi a tsaye kamar gefen ƙofa, ka fara fan, wato juya kyamara gefe zuwa gefe, a hankali sosai kamar ba ka motsi, ka duba ko farkon ya fizga, sannan ka tsaya a kan layin ka cire hannu. In hoton ya ɗan komo baya, wannan ita ce cutar da ba ta da magani a wurin aiki. Ka maimaita da til, sannan ka haɗa biyun ka zana lamba 8 a iska, dirag na fan da na til a lamba ɗaya, kai mai kyau zai ba ka lanƙwasa mai santsi, mara kyau kuma sai ka ga kamar matakalar bene. Ka sa mutum ya zauna ya miƙe tsaye kana bin fuskarsa, wannan motsin kullum ake yinsa a fim kuma yana da wuya fiye da yadda ake zato.

Saura ƙananan abubuwa da ke ba da haushi daga baya. Ka kulle fan da til kana kallon hoto, in firam ya gusa lokacin kullewa ka rubuta. Ka ji ko hannun fan yana wasa a mahaɗarsa. In za ka yi aiki a wuri mai tsananin sanyi ka gwada da asuba, domin kawuna masu araha da man giris ne a ciki maimakon rufaffen ruwan silikon suna daskarewa. Ka ɗaga kan ka ji nauyinsa ma, 2575D shi kaɗai ya kai kilo 10, in kana da mataimaka da doli ba komai, amma mai aiki shi kaɗai da ke canza wuri sau ashirin a wuni ina ganin kai mai kwano 100 irin Sachtler Video 18 ko OConnor 1030D ya fi masa.

Sannan ka kwashe abin da ka ɗauka ka kalla a babban allo, ka ba wani ya jera maka su ba tare da ya faɗa maka wane kai ya ɗauki wanne ba, ka ware wanda tsayawarsa a gefen ƙofar nan ta fi tsafta.