Kafin ki ɗaure akwati: barin gida zuwa aikin bishara a ƙetare

Tafiyata ta farko zuwa aikin bishara a ƙetare ta sati uku ce. Wata huɗu na yi ina shiri: fasfo, biza, allura, waƙoƙin da za mu koya wa yara, har da 'yan kalmomin gaisuwa na harshen mutanen da za mu je wurinsu. Gidan da zan bari ne kaɗai ban shirya ba. Kwanana biyar da sauka, maigida ya kira ni cikin dare, auta tana numfashi da ƙyar, ya birkice ɗaki kaf bai ga maganin shaƙarta na asma ba. Ashe yana cikin jakata. Na saba yawo da shi duk inda za ni, hannu ya jefa shi ciki ban ma sani ba. Allah ya rufa asiri, ya samo wani kafin gari ya waye, amma ni ban ƙara barcin kirki ba har na dawo. Bayan wannan na sake zuwa sau biyu, ga kuma yadda nake yi yanzu. Da mata nake magana don ni mace ce, amma namijin da zai tafi ya bar mata da yara, duk abin da na faɗa ya shafe shi.

Ki fara da maigida tun kafin fasto ya ji, tun kafin ki rubuta sunanki. Kuma kada ki zo masa da "Ubangiji ya kira ni" a matsayin maganar farko, domin kin rufe masa baki ke nan: wa zai yi gardama da Ubangiji? Ki faɗi kwanakin, ki faɗi abin da tafiyar za ta ci, ki tambaye shi abin da yake tsoro, sannan ku yi addu'a a kai na 'yan makonni. A 1 Korintiyawa 7:5 Bulus ya ce ma'aurata kada su ƙaurace wa juna sai da yardar su biyun, kuma na ɗan lokaci. Kan keɓewa domin addu'a yake magana, amma ni na ɗauki darasin har zuwa nan. Ina girmama Wiliyam Keri, mai aikin bishara wanda ya bar Ingila zuwa Indiya a 1793, sai dai duk lokacin da na tuna matarsa Doroti jikina kan yi sanyi. Da farko ta ƙi tafiyar, daga baya aka shawo kanta. Ɗansu mai shekara biyar ya rasu a can a 1794, hankalinta ya taɓu, bai dawo ba har ta rasu a 1807. Sati uku ba zai kai ga haka ba, na sani. Amma "to, je ki" da aka faɗa da ɗaurarriyar fuska ba yarda ba ce, kuma za ki dawo ki tarar da ita tana jiranki a bakin ƙofa.

Da ya yarda, sai ki sayi ƙaramin littafin rubutu. Duk abin da yake cikin kanki game da gidan, ki sauke shi a takarda. Za ki sha mamakin yawansa. Maganin wa, ƙarfe nawa, cokali nawa, a ina yake. Ranar da ta tsakiya take zuwa da kayan motsa jiki. Lambar malamin aji, lambar likita, lambar mai gyaran famfo. Ranar biyan kuɗin wuta. Inda katunan asibitin yara suke. Har abin da auta take nufi idan ta ce cikinta na ciwo da safiyar Litinin, wato ba ta son zuwa makaranta. Nawa littafin ya kai shafi goma sha ɗaya, maigida ya yi ta dariya da ya gan shi. Da na dawo na tarar gefen shafukan duk sun yi baƙi saboda buɗawa.

Rubutu kaɗai bai isa ba. Sati biyu kafin tafiya, ki miƙa masa gidan na kwana uku alhali kina nan, ki kame bakinki. Wannan ne mafi wuya a duk shirin. Za ki ga ya ɗaure wa yarinya gashi a karkace, za ki ga an fita da safa kala biyu, bakinki zai yi ta ƙaiƙayi. Ki yi shiru. Abin da kike nema shi ne ramukan da littafin bai toshe ba, kuma sai an taka ake ganinsu. A gwajinmu ne muka gano babban yaron bai san inda ake kashe babbar wutar gida ba, maigida kuma bai taɓa sanin cewa auta ba ta barci sai an bar ƙofa a ɗan buɗe ba. Ranar ya dube ni ya ce, "Maman yara, ashe duk wannan kike ɗauke da shi ba ki taɓa faɗa ba?" Na ce, "Ai ba ka taɓa tambaya ba, Baban yara." Muka yi dariya, amma maganar ta zauna.

Yara kuwa, ki faɗa musu gaskiya daidai shekarunsu. Ƙaramin yaro bai san "sati uku" ba, amma ya san kwana. Nakan zana gidaje ashirin da ɗaya a takarda in manna a bango, kowane dare a soke ɗaya bayan addu'a. Nakan bar ambulan guda ga kowace Lahadi, da 'yar wasiƙa da aya a ciki. Ki nuna musu ƙasar a taswira, ki ba kowa sunan abu ɗaya da zai riƙa roƙa wa mutanen can, don su san su ma suna cikin aikin. Kada ki sulale da asuba suna barci wai don gudun kuka. Na yi haka a tafiyar farko, auta ta yi wata biyu bayan dawowata ba ta yarda in shiga banɗaki in rufe ƙofa. Gara a yi kukan a gabanki, ki rungume su, ki faɗi ranar dawowa, ki fita.

Sai masu riƙe igiya. An ce Keri ya gaya wa abokansa cewa zai sauka cikin rami, wato aikin bishara a Indiya, in dai su da ke gida za su riƙe masa igiya. A ikilisiya kowa zai ce miki, "Muna tare da ku cikin addu'a," kuma da gaske suke. Amma addu'a ba ta hana a ɗauko yaro daga makaranta ranar da maigida ya makara a wurin aiki. Ki nemi mutum uku ko huɗu, ki ba kowa aiki takamaimai da rana takamaimiya: wannan ɗauko yara ranar Talata, wannan zama da su ranar Asabar don maigida ya sha iska, wannan kuma dattijo ne da zai riƙa kiransa ya ji lafiyarsa shi kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Labarin da nake riƙe da shi a nan yana cikin 1 Sama'ila 30. Dawuda ya fita da mutum 600, 200 suka gaji suka tsaya a rafin Besor wurin kaya. Da aka dawo da ganima wasu suka ce kada a ba su komai, Dawuda ya ƙi, ya ce rabon wanda ya tsaya wurin kaya daidai yake da na wanda ya shiga yaƙi, ya mai da shi doka. Shi ya sa idan ikilisiya za ta ɗora mana hannu ranar sallama, nakan roƙi fasto ya kira maigida da yara su tsaya tare da ni a gaba.

Kuɗin tafiya kada ya fito daga kuɗin makarantar yara ko na haya, ko da niyyar za a mayar. Abin da 'yan'uwa suka ba ki, ki rubuta suna da adadi, ki ajiye rasit, ki ba da lissafi in kin dawo ko ba a tambaya ba. Ki kuma bar wa maigida hanyar taɓa kuɗin gaggawa ba sai ya neme ki ba.

Takardu ba su da wuya in an fara da wuri. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya rage aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Ki tambayi masu masaukinku irin bizar da ta dace, domin akwai ƙasashen da ba su yarda a yi aikin addini da bizar yawon buɗe ido ba, kuma ƙarya a fom ba shaidar Almasihu ba ce. Idan ana bukatar katin rigakafin cutar shawara, wato yellow fever, sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, kuma tun 2016, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, katin allura ɗaya yana aiki har ƙarshen rayuwa. Ki ga likita sati huɗu zuwa shida kafin tashi. Magungunanki su zauna cikin kwalinsu na asali a jakar hannu. Ki bar hoton fasfo da tikiti da lambar shugaban tawaga a shafin farko na littafin nan. Sannan ki zazzage jakar hannunki a kan gado daren tafiya, ki duba ko akwai abin gida a ciki. Kin san dalili.

A can, ku tsayar da lokacin waya guda, ki lissafa bambancin agogo tun kina gida, ki kuma gaya musu cewa intanet na iya ɗaukewa kwana biyu ba tare da wani abu ya same ki ba. Minti goma ya isa. Kada ki mulki gidan ta waya. Idan kin ji an kwanta ba a yi aikin makaranta ba, ki haɗiye. Hankalin da ya rabu biyu ba ya amfanar ko ɗaya, masu masaukinki kuma za su lura kina tare da su ko kuwa jikinki ne kawai ya zo. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, don haka ki bi bayan fastocin wurin da suka riga ki, za su kuma ci gaba bayan kin tafi. Kada ki ɗauki hoton yaran mutane ki watsa a Facebook ba da izinin iyayensu ba. Ke ma ba za ki so a yi wa naki haka ba.

Dawowa ita ce aka fi mantawa. Bulus da Barnaba da suka koma Antakiya sun tara ikilisiya sun ba da labarin abin da Allah ya yi, yana nan a Ayyukan Manzanni 14:27, ke ma za ki ba da naki. Amma a gida, ki fara da sauraro. Za ki shigo baki cike da labari, alhali su ma sun yi sati uku na nasu, ba wanda ya tafa musu. Ki bar kwana biyu ba aiki ba taro. Idan zazzaɓi ya kama ki cikin makonnin da suka biyo baya, ki gaya wa likita ƙasar da kika je, kada ki ce gajiya ce. In an ba ki maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ki ƙarasa shi yadda aka ce, domin wani irin sai an ci gaba da sha har sati huɗu bayan an baro wurin.

Kuma kada ki yi saurin gyara abin da suka sauya. A dawowata ta ƙarshe na tarar an mayar da addu'ar dare daga falo zuwa ɗakin yara, babban ne yake karanta aya, auta ce take rufewa, kullum da roƙo ɗaya, wai Allah ya sa jirgin Mama kada ya yi ɓatan hanya. Wata takwas ke nan ina gida, har yanzu a ɗakin yara muke yi, kuma har yanzu ba ta cire jirgin daga addu'arta ba.