Kurakuran da ke mayar da gyaran gida ciwon kai, da yadda za a kauce musu

Gyaran tsohon gida ya fi sabon gini wuyar lissafi. Mai gini daga tushe yana ganin kowane bulo da aka ɗora, shi kuwa mai gyara bai san abin da bango ya ɓoye ba sai ya fasa. A nan yake cin karo da bututun da ya yi tsatsa, da katakon da gara ta cinye, da wayar wutar da wani ya haɗa shekaru da dama da suka wuce ya naɗe da ɗan tef. Yawancin kurakuran da ke ci wa mutane kuɗi a wurin da ido ba ya gani ake tafka su, wasu ma tun kafin a ɗaga guduma.

Na farko shi ne ƙiyasin da bai bar wurin tsautsayi ba. Mutum ya lissafa siminti da yashi da tayil da kuɗin aiki, ya ga sun yi daidai da abin da ke hannunsa, sai ya ce a fara. Mako biyu da farawa an cire silin an ga rabin katakon rufi ya ruɓe, kuɗin tayil ya tafi can. Masu sana'ar gini kan ba da shawarar a ware kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin aikin a ajiye gefe, kuma idan gidan ya tsufa sosai ka riƙe kashi 20 ɗin. Idan kuɗinka ba su kai ba, rage girman aikin. Gara ka gama ɗakuna biyu ka shiga, da ka rushe gida duka ka zauna cikin ɓaraguzai kana jiran kuɗi.

Sai batun rushe bango, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin a nan rai ake magana. Mutane na son falo mai faɗi, sai su ce a cire bangon da ya raba shi da ɗakin cin abinci. Wani bangon shamaki ne kawai, wani kuwa shi ke ɗauke da rufi ko benen da ke sama, kuma idan an yi musu filasta da fenti kamarsu ɗaya. Sau da yawa magini zai buga bangon da hannu ya ce, “Maigida, ba komai, za a iya cirewa.” Wataƙila ya yi gaskiya, amma ba aikinsa ba ne ya lissafa nauyi. Kira injiniyan gini ya duba. Idan bangon na ɗauke da nauyi, shi zai faɗi irin bim ɗin da za a sa, wato ƙarfe ko kankaren da ake gittawa ya ɗauki nauyin da ke sama, da kaurin rodi, da yadda za a tokare sama kafin a cire bulo ko ɗaya. Abin tsoron shi ne ginin ba lalle ya faɗi ranar ba. Sai bayan watanni ka ga tsaga ta taso daga kusurwar ƙofa ta nufi sama a karkace, ko ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa. Haka kuma duk wanda zai ɗora bene a kan tsohon gini, tilas a tono a duba ko tushen zai ɗauka. A wurare da yawa irin wannan canji yana buƙatar izinin hukumar tsara gine-gine, to ka nema tun da wuri.

Kuskuren da ya fi yawa kuwa shi ne juya tsarin aiki. Ido na son fenti da tayil, shi ya sa ake garaje a kai gare su. Amma aiki yana da jeri: a fara da rufi da duk inda ruwa ke shiga, sai ginshiƙai da bango, sai bututun ruwa da wayoyin wuta, sai filasta, sai daɓe da tayil, fenti a ƙarshe. Wanda ya yi fenti a kan bango mai danshi bai nemo inda ruwan ke fitowa ba, bayan 'yan watanni zai ga fentin ya kumbura yana ɓarewa, farin gishiri na fitowa a ƙarƙashinsa. Sake fenti ba zai magance ba. A duba ko yoyon rufi ne, ko bututu a cikin bango, ko ruwan ƙasa ne ke hawowa.

Kafin a rufe kowane bango akwai abubuwa biyu da ba sa cin kuɗi, amma kusan kowa na tsallake su. A sa mai aikin famfo ya toshe bakunan bututu, ya cika su da ruwa da ƙarfi, a bar su a ga ko wani mahaɗi na ɗiga. Sannan ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka, tare da tef ɗin awo a jikinsa, yadda za a ga inda waya da bututu suka bi. Ranar da za ka kafa ƙusa ko ka nemi yoyo, hoton nan zai hana ka fasa rabin ɗaki.

Banɗaki ya cancanci a tsaya a kansa. Daɓensa na buƙatar gangara ta kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa ga magudana, in ba haka ba kullum sai an bi ruwa da tsintsiya. Tayil kaɗai ba ya hana ruwa wucewa, domin yana ratsa layukan da ke tsakani. A shafa maganin hana ratsawar ruwa a ƙasa da jikin bango, musamman a bene, a toshe magudana, a tara ruwa na awa 24, a leƙa ƙasa a ga ko ya jiƙe, sannan a liƙa tayil. Wajen sayen tayil ɗin ma ƙara kamar kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, kuma ka saya gaba ɗaya. Samfuri ɗaya daga wani zubin kamfani daban yakan ɗan bambanta a launi.

Sauri ya haifi nawa, kuma babu inda ya fi haka gaskiya kamar wurin kankare. Siminti yana yin ƙarfi ne ta hanyar haɗuwarsa da ruwa, don haka idan ya bushe da wuri sai ya yi rauni ya tsattsage. Ban-ruwa na aƙalla kwana 7 wajibi ne, kuma ƙarfin da injiniyoyi ke lissafi da shi na kwana 28 ne. Kada a cire tokare a ƙarƙashin bim ko bene don kawai kafinta na son katakonsa a wani wurin aiki. Sabuwar filasta ma a ba ta makonni ta bushe kafin fenti.

Da yawa daga rigimar maigida da ma'aikata ta samo asali daga yarjejeniyar baka. “Gyaran kicin” a wurinka ya haɗa da kwashe shara da mayar da soket, a wurinsa bai haɗa ba. Rubuta komai: aikin da za a yi, wa zai sayi kaya, irin kayan, ranar gamawa. Kafin alƙalami kada ya yi yawa. A biya mataki-mataki bayan an duba abin da aka gama, a riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari har a gyara ƙananan kurakurai. Idan mutum uku sun ba ka farashi, ɗaya ya yi ƙasa sosai, tambaye shi abin da ya cire. Kai ma ka riƙe kanka: duk canjin ra'ayi bayan an fara, kamar matsar da taga ko sauya wurin famfo, yana nufin fasa aikin da ka riga ka biya. Idan dole ne, a rubuta kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara kafin a taɓa.

Zama cikin gida ana gyara kuwa mutane na raina wahalarsa. Idan za a cire rufi ko a yanke ruwa da wuta na tsawon lokaci, ko akwai jariri, mai ciki, tsoho ko mai asma, ku tashi na ɗan lokaci in da hali. Idan za ku zauna, a raba gidan biyu da leda mai kauri a liƙe ƙofofi, a bar banɗaki ɗaya yana aiki, a keɓe wurin girki nesa da aikin, a kulle takardu da kaya masu daraja a ɗaki guda. Ka sanar da maƙwabta kafin ƙarar ta sanar da su.

Ƙurar nan ba datti ba ce kawai. Yankan tayil da kankare a bushe yana tayar da ƙura mai laushi da ke lalata huhu a hankali, don haka a yanka da ruwa, a sa abin rufe hanci na gaske. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jiki da aka san ba shi da illa. Yara suka fi cutuwa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. Kada a kankare irin wannan fenti a bushe ko a ƙona shi. Tsofaffin allunan rufi da silin kuma wasu na ɗauke da asbesto, wanda ke jawo sankarar huhu shekaru 20 ko fiye bayan an shaƙa. Idan kana zargin akwai shi, kada a fasa, kada a yanka, kada a share da tsintsiya, a nemo wanda ya san aikin cire shi.

Ranar karɓar aiki kada ɗoki ya sa ka biya cikon kuɗi a bakin ƙofa. Zaga da rana tsaka da takarda a hannu. Buɗe kowane famfo, zuba bokitin ruwa a banɗaki ka ga inda ya nufa, gwada kowane soket, buɗe tagogi ka rufe, ka ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi ƙarar fanko bai kama ba, zai fashe. Rubuta abin da ka gani, ku sa hannu kai da ɗan kwangila, ku tsayar da ranar da zai dawo ya gyara, sannan ka saki kuɗin da ka riƙe.