Kallon tsuntsayen gaɓar teku a Jamaica Bay: kurakuran da aka fi yi a watan Agusta

Gandun namun daji na Jamaica Bay yana cikin birnin New York, daf da filin jirgin sama na JFK, kuma jirgin ƙasa layin A yana kai mutum tashar Broad Channel, daga nan a ƙarasa da ƙafa. Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba dubban tsuntsayen gaɓar teku da suka yi ƙwai a yankin ƙanƙara na arewacin Kanada suna yada zango a nan kan hanyarsu ta kudu. Duk da haka wasu kan je su dawo suna cewa ba su ga komai ba.

Babban dalili shi ne rashin duba lokacin cikar teku. Idan ruwa ya janye, laka takan bayyana ko'ina a bakin gaɓa, tsuntsayen su watsu neman tsutsotsi can nesa inda ido ba ya kaiwa. Sai teku ta cika ta rufe lakar sannan su taru a tafkin gabas, wato East Pond, wanda ma'aikatan gandun ke rage wa ruwa da gangan a wannan lokaci domin su sami wurin sauka. To ka duba jadawalin cikar teku kafin ka fito, ka isa tun ruwa bai gama cika ba. Kada ka dogara da lokacin jiya, domin kullum cikar tana ƙara jinkiri da kusan minti 50.

Sai takalmi. Taɓon tafkin nan yakan haɗiye ƙafa har ƙwauri, ya riƙe takalmin yawo. Ka sa dogon takalmin roba, ka bi sawun waɗanda suka riga ka. Ka riƙe ruwan sha, hula da maganin sauro.

Wajen tantance tsuntsu kuwa, sabon shiga yakan maƙale wa launi. An gaya masa cikin wasu ƙananan tsuntsayen gaɓar teku iri biyu masu kama da juna, Least Sandpiper ƙafarsa rawaya-rawaya ce, ta Semipalmated Sandpiper baƙa. Haka ne, amma tsuntsun da ya wuni cikin laka ƙafarsa baƙa za ka gani ko wane iri ne. Ka fara da girman jiki, siffar baki da yadda yake kiwo: na farkon yakan duƙa a gefen laka mai ɗan tauri, bakinsa siriri mai ɗan lanƙwasa ƙasa, na biyun bakinsa miƙaƙƙe ne mai dakusasshen kai. Ka kuma tuna manya ne ke fara isowa da gashi koɗaɗɗe, 'ya'yan bana su biyo baya daga tsakiyar Agusta da sabon gashi mai farin gefe. Iri ɗaya ne, shekaru suka bambanta.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne matsa musu don hoto. Wasunsu ba su kai nauyin ƙwan kaza ba, kuma za su ƙetare tekun Atilantika ba sauka har Kudancin Amurka da kitsen da suka tara a nan. Duk tashin da ka sa suka yi, guzurinsu ka rage. Idan ka ga sun daina kiwo sun ɗaga kai, ka tsaya cak, ko ka ja baya. Wanda ya tsuguna ya yi shiru na minti goma, sau da yawa su da kansu suke matsowa kusa da shi.