Ku riƙa tura kuɗi da hannunku

'Yan uwa, wasu manhajojin banki ba lambar sirri kaɗai suke dubawa ba. Suna lura da saurin yatsanka, yadda kake jan allo, har da karkatar wayar a hannunka, kamar yadda ake gane mutum da tafiyarsa tun daga nesa.

Ranar Laraba a kasuwar Sabon Gari na miƙa wa ƙanena waya ya biya mai shinkafa, don hannuna duk manja. Shi kuwa da manyan yatsu biyu yake bugawa, fat-fat. Sai kuɗin suka tsaya, aka nemi ƙarin tabbaci, mai shinkafa na ta hararata.

Ku goge hannu ku danna da kanku. Lambar tabbacin da za a turo kuwa, ko wa ya kira, kada ku karanta masa.