Yadda Za Ka Sa Jita Ta Rera Waƙar Gwaninka Ba Tare da Murya Ba

Mawaƙin da ke rubuta waƙa da kansa, ya kuma rera abarsa, ƙarfinsa a kalmomi yake. Shi ya sa idan ka cire muryarsa ka bar kiɗa zalla, sau da yawa sai ka tarar karin waƙar sautuka ne 'yan kaɗan da ake ta nanatawa. Aikinka shi ne ka ɗora wa tsirkiya nauyin da harshe ya ɗauka. Ni da jita nake yi, don haka a kanta zan yi bayani, amma mai fiyano ma ba zai rasa abin ƙaruwa ba.

Kada ka taɓa jitar tukuna. Fara haddace waƙar da baki, har ka san inda mawaƙin ke jan numfashi, inda yake jan wasali, da inda yake ɗan jinkiri ya shigo bayan bugu. Ni nakan rubuta baitocin a takarda, in ja layi da jan biro a duk wurin da ya numfasa. A nan ne jitar ma za ta yi shiru. Idan wani wuri ya yi maka sauri, rage gudunsa zuwa 0.75 ko 0.5 a YouTube, ko ka sa shi a Audacity, manhajar kyauta da ke rage gudu ba tare da sautin ya sauka ba.

Daga nan sai ka nemo karin a kan siraran tsirkiyoyi uku, wato G, B da E, sauti ɗaya bayan ɗaya. Ba dole ne ka tsaya a matakin da mawaƙin ya rera ba, shi don maƙogwaronsa ya zaɓa. Matakan C, G da D sun fi daɗin hannu. In kuwa kana son ka dace da faifansa, sa kapo, wato abin da ake matse duka tsirkiyoyi da shi a wuyan jita: kowace gaɓa ɗaya ta wuyan jita tana ɗaga sauti da rabin mataki.

Sai babban yatsa ya shigo, yana kaɗa kauraran tsirkiyoyi uku a madadin ganga. Wannan salon ne aka san Merle Travis da shi a Amurka, Chet Atkins ya faɗaɗa shi, Tommy Emmanuel ɗan Ostareliya kuma yana kai har yau. Sauke tsirkiya ta shida, wato mafi kauri, daga E zuwa D idan kana kaɗawa a D, za ka ji ƙasan kiɗan ya cika.

Yanzu ga inda aikin yake. Mawaƙi kan jero kalmomi da yawa a kan sauti guda, ba a gajiya da shi saboda kowace kalma da ma'anarta. Jita kuwa in ta nanata su duka, sai ta zama kamar ƙwanƙwasa ƙofa. Kaɗa sautin farko da ƙarfi ka bar shi ya yi amo, tsallake na tsakiya, sannan ka zamo da yatsa zuwa na gaba. Inda muryarsa ta yi rawa, girgiza tsirkiyar kaɗan, amma a ƙarshen sautin kawai. Haka batun baitoci: waƙa mai baiti biyar ba ta buƙatar biyar a kiɗa. Biyu ko uku sun isa. Na farko a sauƙaƙe, na biyu ka haura da karin wajen gaɓa ta 12, inda sauti ke ninkuwa sama. Amshi dai ka bar shi yadda mai shi ya tsara. A ganina yi masa ƙawa rashin adalci ne ga masoyan da suke jiran sa.

Yi atisaye da metronom, na'urar da ke ƙirga bugu daidai, har hannu ya zauna, sannan ka kashe shi. Ɗauki kanka a waya, ka saurara washegari. Gwajin da na fi yarda da shi: kaɗa wa wani masoyin mawaƙin ba tare da ka faɗa masa sunan waƙar ba, ka kalli leɓunansa. In sun fara motsi da kalmomin, ka kama hanya.

Kafin ka ɗora a intanet, ka sani ko da kai ka kaɗa, karin waƙar na marubucinta ne. Yarjejeniyar Berne, ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mallaka, ta tanadi kariya na aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci, ƙasashe da dama kuma 70 suke yi. Tsarin Content ID na YouTube yana iya gane karin, kuɗin talla ya tafi ga masu haƙƙin. Rubuta sunan mawaƙin a fili, in kuma sayarwa za ka yi, nemi lasisi tun kafin ka fitar.