Masu shirin zuwa Roma da iyali, ga shawara

Salam 'yan uwa. Ni da maigida mun yi kwana hudu a Roma, wallahi garin ya hadu amma mun sha wuya ranar farko. Don Allah ku sayi tikitin Kolosiyam (tsohon katafaren filin wasan Romawa) ta intanet tun kafin ku iso, mu bamu saya ba muka tsaya layi cikin rana har rai ya fara baci, shi yana cewa mu hakura mu tafi ni kuma nace ginin da aka bude tun shekara ta 80 miladiyya ba zan koma ban shiga ba. Tikitin ya hada da Forum (kufan dandalin tsohon birnin Roma), kar ku bari ya wuce ku.

Takalmi kuma flat ko kambas, titunan duk kananan duwatsu ne, kafata sai da ta yi bororo. Ku rike gora, akwai famfunan kan titi da suke kira nasoni, ruwan sanyi kalau kuma kyauta. Jaka a gaba cikin bas saboda 'yan sane.

Juma'a mun yi ta a babban masallacin Roma dake unguwar Parioli, can ne hankalinmu ya kwanta.